Ɗana bakwaini ne, kuma an yi mini aiki: goyon gaba zan ci gaba da yi ko in koma na baya?

Mai jego daga Zariya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon maganata, na kwana biyu ina juya ta a raina.

Haihuwata ta fari ce. Cikin yana sati 33 jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ba ya shiga, likita ya ce ba za a jira ba, aka yi mini aiki aka ciro yaron. Kilo 1.8 ya zo. Kwana huɗu ya yi a kwalba, a na biyar wata nas ta ce in cire riga in zauna. Ta ɗora mini shi a tsakanin nonuwana, daga shi sai kunzugu da hula da safa, ta ɗaure mu tare da zanena. Ta ce wannan shi ne goyon kangaru, kuma daga yau ƙirjina ne kwalbarsa. Har yanzu idan na tuna yadda na ji numfashinsa a fatata ran nan sai idona ya kawo ruwa, domin tun da aka ciro shi ban taɓa shi ba sai ta ramin kwalba, da yatsa biyu.

Da aka sallame mu gidanmu na wuce wanka. A can abin ya zo da sauƙi. Idan zan yi wanka ko salla Ummata ta karɓa ta ɗaura a nata ƙirjin, idan ta gaji ƙanwata ta karɓa. Ba na girki, ba na wanki. Yanzu satinsa 9, ya kai kilo 3.3, na kuma koma ɗakina kwana goma sha biyu ke nan. Gidan gandu ne, muna tare da surukata da matan yayyen maigida biyu. Aiki ya dawo kaina, yaron kuma ya saba da jiki. Da na kwantar da shi a katifa ba ya rufa minti goma.

Hajiya surukata mutuniyar kirki ce, ita ta kwana da ni a asibiti dare uku. Ta ce mini, "Ki goya shi a baya kamar kowa ki samu hannun aiki, wannan rungumar ta asibiti ai ta ƙare." Ta ɗauko wani majanyin saƙi fari da baƙi, ta ce da shi ta goyi babansa, ta ba ni. Ranar Talata ta taya ni ɗora shi, na ɗaure zane a ƙirji, na ƙulla majanyi, na shiga wanke-wanke. Ƙullin majanyin ya sauka daidai saman ɗinkin, duk sunkuyon da na yi sai in ji kamar ana ja mini fata. Bakin zanen kuma ya datse mini nono, kafin rabin awa rigata ta jiƙe, da dare na dama ya yi tauri kamar dutse har da zazzaɓi-zazzaɓi. Wannan duk zan iya daurewa. Abin da ya tsorata ni shi ne lokacin da na zo saukewa. Yaron ya zame ƙasa cikin zanen, kansa ya lanƙwashe, haɓarsa ta manne da ƙirjinsa, ya yi sharkaf da zufa. Shirun da na ji ya yi na ɗauka barci ne mai daɗi. Da na ɗaga shi ya ja wani dogon numfashi sannan ya fasa kuka. Ban faɗa wa kowa ba, ɗaki na shiga na yi ta kuka ni ma.

Akwai wani dogon ƙyalle da 'yar ƙanwar babana ta aiko mini daga Ingila, mai talewa kamar yadin singileti, tsawonsa ya kai mita biyar. Da shi nake ɗaure yaron a gaba yanzu. Ina ganin fuskarsa, ba ya taɓa ɗinkin sosai, kuma yana barci awa biyu a ciki. Amma rufi uku yake yi a bayansa, ga zafin Afrilu, ƙurajen zufa sun feso masa a wuya. Ba na iya zuwa kusa da wuta da shi. Sannan ga magana. Ɗaya daga cikin faccalolina ta ce ba ta taɓa ganin mace ta rataya ɗan fari a ƙirji tana yawo da shi a tsakar gida gaban surukai ba, wai ko kara babu. Wata baƙuwa kuma ta ce zan koya masa ƙiwa, wata ta ce wannan buɗe ƙafar da yake yi a cikin ƙyallen zai sa ƙafarsa ta yi baka.

Tambayata: yaushe ya kamata a fara goya yaro irin wannan a baya? Akwai ɗaurin da ba ya danne nono da ciki? Kuma yaya zan yi da Hajiya, ba na so ta ga kamar na raina majanyin da ta ba ni.

Kaka daga Damagaram:

Wa alaikumus salam. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa.

'Yata, sannu da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na haifi tara, bakwai suna raye, na goyi jikoki ban san adadi ba, har yau idan na sunkuya jikin nan ya san inda zai ajiye yaro. Ki saurare ni.

Zamewar da ya yi, zanen ne bai ɗauru ba. Ke kina jin zafin ɗinki, kina jin zafin nono, dole hannunki ya sassauta ko ba ki sani ba. Goyo kuwa ba ya son tausayi wajen ɗauri. Yaro a can sama yake zama, kansa kusa da wuyanki, yadda idan kin waiwaya za ki hango shi, kuma kina jin hucinsa a bayanki. Kuncinsa ne yake kwanciya a jikinki, a juyar da fuskar gefe, ba a barin hanci ya nutse. Jariri sabo hannuwansa a ciki suke, bakin zane ya tokare masa ƙeya. Sai an ɗaure sama tam sannan a tattaro ƙasan zanen a ƙarƙashin ɗuwawunsa a yi masa wurin zama, majanyi ya zo ya riƙe wurin zaman nan. Majanyi ba a ciki ake ƙulla shi ba, sama ake ja, ƙarƙashin nono. Kuma zanen goyo ba sabuwar atamfa mai sitati ba ce, ba leshi ba, ba mai santsi ba. Tsohon zane na auduga wanda ya sha wanki, shi ne yake kama jiki.

Amma duk da na gaya miki wannan, ban ce ki goya shi yanzu ba. A gidanmu da cibiya ta faɗi ake fara goyo, kuma kaka ce take farawa ko gwaggo, uwar tana jego. Wannan ga yaron da ya cika watanninsa ne. Bakwaini ko a da can ba a yi masa haka. Na ga yadda kakata ta yi da wani ƙanena da ya zo a wata bakwai: a cikin auduga aka naɗe shi, ɗakin ba ya rabuwa da garwashi, ba a fita da shi, ba mai goya shi sai da ya yi ƙwari. Abin da mutanen likita suka koya miki ɗumin nan ne dai, sai dai na jikin uwa ya fi na garwashi, ba hayaƙi kuma.

Maganar kara, ni ma na yi kunyar ɗan fari, har ya yi aure ban kira sunansa ba. Abu ne mai kyau, ina son sa. Amma kara ba ta hana jinya. Wannan yaron jinyarsa kike yi. Kuma duk mai ganin ɗaukar yaro a gaban jama'a abin kunya ne, a tuna masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta.

Surukarki kuwa, kada ki ɓoye mata abin da ya faru ran Talata. Matar da ta kwana uku da ke a likita ba za ta so jikanta ya shaƙe ba. Ki same ta ita kaɗai bayan sallar isha'i, ki gaya mata yadda kika same shi. Ki ce, "Hajiya, majanyin nan na adana shi sai ya tsayar da wuya, ke nake so ki fara goya shi da shi." Ki ga idan ba ta ji daɗi ba.

Nas a ɗakin jarirai:

Ƙanwata, barka da arziki. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin bakwaini, kuma ni ma uwa ce, na goyi uku. Inna ta Damagaram ta gama magana, zan ƙara abin da muke gani a wurin aiki ne kawai.

Abin da kika gani ran Talata ba ƙaramin abu ba ne, kuma kin yi daidai da kika tsorata. Maƙogwaron jariri siriri ne kuma laushi gare shi, kansa kuma ya yi wa wuyansa nauyi. Idan haɓa ta faɗa kan ƙirji hanyar iska tana matsewa, kamar yadda ruwa yake tsayawa idan an lanƙwasa tiyo. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne yaron ba ya iya kuka a wannan halin, shiru yake yi, uwa ta ɗauka barci ne. A Amurka a 2010 sai da aka janye wata jakar goyo guda miliyan ɗaya daga kasuwa bayan jarirai uku sun rasu a cikinta, irin mai zurfin nan da yaro yake kwanciya a lanƙwashe kamar a cikin buhu. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a can ta yi gargaɗi na musamman a kan jariran da ba su kai wata huɗu ba, da bakwaini, da masu mura. Na kawo wannan ne don ki san ba zane ne mai laifi ba. Ko na kanti ne, in dai yaro ya lanƙwashe ko fuskarsa ta rufu, haɗarin ɗaya ne.

Sai lissafin watanni, wanda iyaye da yawa ba a yi musu bayaninsa. Yaronki satinsa 9 a duniya, amma ya riga lokacinsa da sati 7. Wajen ƙarfin wuya da zama da rarrafe, daga ranar da ya kamata a haife shi muke ƙirgawa. Ke nan a wurinmu ɗan sati biyu ne. Yawancin yara suna riƙe kansu sosai wajen wata huɗu, nasa wata huɗun kuwa zai zo ne yana kusan wata shida da haihuwa. Kada ki bi kalanda kaɗai, ki dube shi: idan kin zaunar da shi a cinya kin riƙe ƙirjinsa, kan yana tsayawa cak ko yana rangaji? Ranar da ya daina rangaji, kuma kin kai shi awo an duba, sai a fara goyon baya, da ɗan gajeren lokaci, da mutum kusa yana leƙa fuskarsa.

Kafin nan ki ci gaba da na gaba. Duk lokacin da kika ɗaure shi, ki tabbata a miƙe yake, cikinsa a jikinki. Kansa ya zo sama yadda idan kin sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa shi. Yatsanki ɗaya ko biyu su iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Ki ga hancinsa da bakinsa ba tare da kin ɗaga komai ba. Ki ɗan sunkuya kina tare da shi da hannu: idan jikinsa ya rabu da naki, ɗaurin ya yi sako-sako, ki kwance ki sake. Idan kin ba shi nono a ciki, da ya gama ki mayar da shi sama, kada ya yi barci a kan nonon. Kuma kada ki kwanta barci a katifa ko kujera yana cikin wannan dogon ƙyallen.

Wanda ya ce miki rungumar asibiti ce kawai, ga asalinta. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara a 1978, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya ga kwalabe ba sa isa, ana haɗa jarirai biyu uku a guda suna ɗaukar cuta, sai ya mayar da su ƙirjin uwayensu. A 2021 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, namu a Ile-Ife aka yi. Jarirai sama da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, waɗanda aka fara wa goyon kangaru tun daga haihuwa mutuwarsu a watan farko ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take, awa 8 zuwa 24 a rana. Yanzu yaronki ya wuce kilo 2.5, ba dole sai fata da fata dare da rana ba, amma zamansa a jikinki bai daina yi masa amfani ba.

Batun ƙafa ya yi baka, wannan maganar tana ci mini rai domin tana sa mata suna miƙe ƙafar jariri suna ɗaurewa, wanda shi ne mai cutarwa. Zaman kwaɗo, cinyoyi a buɗe, gwiwa ta fi ɗuwawu tsayi, shi ne zaman da yake sa kan ƙashin cinya ya zauna daram a cikin kwaskon ƙugu. Yaron da aka haifa da gocewar ƙugu ma, abin da likitocin ƙashi suke ɗaura masa a irin wannan zaman yake riƙe shi. Kusan duk jariri da 'yar lanƙwasa a ƙafa yake zuwa saboda zaman ciki, tana miƙewa da kanta wajen shekara biyu. Wadda ba ta miƙe ba, sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne, kuma binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna a yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili. Ba ruwan goyo.

Nononki kuma kada ki yi wasa da shi. Matsi a wuri ɗaya yana toshe hanyar ruwan. Ki ci gaba da ba shi wannan ɓangaren, kada ki murza da ƙarfi, ki ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha. Idan wurin ya yi ja, ko zazzaɓin ya wuce kwana ɗaya, ki je asibiti a ranar. Ki nuna musu ɗinkin ma, ki tafi da ƙyallen su ga yadda kike ɗaurawa.

Mai jego daga Zariya:

Inna, na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Jikarki ma a gaishe ta. Wallahi da na karanta "kara ba ta hana jinya" sai na ji wani nauyi ya sauka daga kaina.

Anti nas, Allah ya saka da alheri. Lissafin sati biyun nan ba wanda ya taɓa gaya mini. Ni ina ta kwatanta shi da ɗan maƙwabciyarmu da ya girme shi da kwana uku kacal, ina ganin wancan yana ɗaga kai nawa ba ya yi, ina ta damuwa a banza. Nonon ya saki tun jiya. Saura maganar zafi, don ƙurajen sun fara sauka bayansa.

Maman biyu a Jamus:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni nan shekara shida ke nan, kuma ni ma aiki aka yi mini a haihuwa ta biyu, don haka na san wannan jan fatar da kike faɗa.

Wannan ƙyalle mai talewa na sanyi ne, don ƙasarsu aka yi shi. Ko a nan da bazara ta shigo na ajiye nawa. Kuma don Allah kada ki taɓa gwada goyon baya da shi, ko yaron ya girma. Talewa yake yi, yaro yana iya banƙarewa ya faɗo. Na gaba ne kawai, kuma da yaro ya yi nauyi yake fara saki.

Abin da ya fi dacewa da zafin gida yana cikin akwatinki. Ki samu turmin atamfa na auduga zalla, yadi shida, ki wanke shi sau uku ko huɗu sitatin ya fita. Ki kai wa tela ya rage faɗinsa a tsaye ya dawo kamar santimita 70, ya kalmashe baki. Sharaɗi ɗaya: kada a yi haɗi a tsakiya, ya zama yanki guda daga farko har ƙarshe, don wurin haɗi ne yake yagewa. Da yake atamfa ba ta talewa, rufi ɗaya ya isa ya riƙe shi. Ki sa tsakiyar ƙyallen a ƙirjinki, ki kai bakunan baya ki gicciya su, ki ɗauko su ta kan kafaɗu. Yaron ya shiga aljihun da ya samu a gaba. Sai ki riƙa jan kowane ɓangare kaɗan-kaɗan, bakin sama, tsakiya, bakin ƙasa, har ya manne, ki ƙulla a ƙarƙashin ɗuwawunsa. Nauyin a kafaɗu da baya yake sauka, ƙullin kuma yana can sama da ɗinki tunda jaririn ƙarami ne. Ranar farko ki yi a zaune a bakin gado, da mutum kusa. Daga shi sai kunzugu da 'yar singileti, ƙyallen ma tufa ne.

Idan lokacin goyon baya ya yi kuma ɗaurin ƙirji yana damun nononki, akwai wanda wata maƙwabciyata 'yar Tanzaniya ta koya mini da zanensu da suke kira kanga. Baki ɗaya ya bi ta kan kafaɗa, ɗayan ta ƙarƙashin ɗaya hammatar, a ƙulla a saman ƙirji. Ba ya bi ta kan nono ko kaɗan, kuma idan yaro yana son sha sai ki zamo da shi gefe ba sai kin kwance ba. Kafaɗa tana gajiya, sai a riƙa sauyawa. Irinsa ne wanda ake sayarwa mai zobba biyu na ƙarfe. Idan za ki yi irin wannan kada ki sa zoben labule ko na jaka, ba don ɗaukar nauyin mutum aka yi su ba.

Wani abu da yake taɓa zuciyata a nan: akwai matan da sana'arsu ke nan, a biya su kuɗi su zo gida su koya wa mai jego goyo. Kamfanin ƙyallen goyo da ya fi tsufa a ƙasar, Didymos, wata uwa mai suna Erika Hoffmann ce ta kafa shi a 1972 bayan ta haifi tagwaye, kuma daga mayafin goyon matan Meziko ta samo dabarar. Ranar da ungozomar da take zuwa duba ni ta ga na sunkuya na ɗora babbar 'yata a baya na ɗaure da zane kafin ta ajiye jakarta, sai ta ce in kwance in sake a hankali tana kallo. Ni kuwa ban san ranar da na koya ba, tun ina 'yar shekara bakwai nake goyon ƙannena. Na tuna Mamata sosai ran nan.

Mai ɗinki daga Kano:

Ni gargaɗi biyu zan yi, duka a kaina suka faru.

Na farko hijabi. Mun saba mu goya yaro mu zumbula hijabi har ƙasa mu fita unguwa. Wata rana da azumi na je kasuwar Kwari sayen yadi da 'yata tana wata biyar, hijabin kuma mai kauri ne. Ina cikin ciniki wata dattijuwa ta dafa ni ta ce, "Baiwar Allah, buɗe yarinyar nan." Da na ɗaga, ta yi laushi, jikinta zafi rau, ko kuka ba ta iyawa. A shagon aka ba ni wuri na cire mata kaya, aka yi ta fifita, na ba ta nono, daga nan asibiti muka wuce. Allah ya kiyaye, yanzu tana aji uku. Tun daga ranar kan yaro a waje yake, ko in ɗage hijabin ta baya ko in sa mayafi mara nauyi. Ke da yake a gaba kike ɗaurawa, kada ki sake hijabi ya rufe masa fuska, ko da minti biyar ne.

Na biyu adaidaita sahu. Wajen shiga na manta da tsawon da goyo ya ƙara mini ta baya, kan ɗana ya bugi ƙarfen ƙofa. Yanzu kafin in shiga kowace mota sai na kwance na rungume, ba na jingina da yaro a baya.

Girki kuwa, faccalarki da ta iya maganar kara ta karɓar miki wuta na wata uku, ke ki karɓar mata tsintar shinkafa da gyaran kayan miya da kike iyawa a zaune. Yaro a gaba da tukunyar mai ba sa haɗuwa.

Mai jego daga Zariya:

Assalamu alaikum, na dawo in gaya muku yadda aka yi, kwana takwas ke nan.

Na bi maganar Inna. Daren Juma'a na kai wa Hajiya kunu ɗakinta, na zauna a ƙasa na gaya mata komai, har yadda haɓarsa ta manne da dogon numfashin da ya ja. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Me ya sa ba ki kira ni ba a lokacin?" Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ashe kafin maigida ta haifi wata bakwaini, kwana goma sha ɗaya ta yi ta koma. Ta ce a lokacin ba kwalba a kusa da su, ba wanda ya ce ta sa ta a ƙirji. Ta karɓi yaron ta riƙe shi har ya yi barci, ni kuma na rasa abin da zan ce.

Da safe ita da kanta ta buɗe adakarta ta ciro wata tsohuwar atamfa shuɗiya da ba a taɓa yankawa ba, ta aika aka kai wa tela da awon da Maman biyu ta faɗa. Mun wanke ta sau huɗu. Ranar farko sai da na kwance sau uku kafin ya zauna daidai, bakin sama ne yake ba ni wahala, yana saki ta bayan wuyansa. Yanzu na gane sai na ɗaga gwiwar hannuna sama sannan in ja. Ƙurajen sun fara bushewa. Mai talewar na wanke na ajiye, in Allah ya kai mu hunturu wata za ta mora.

Ranar Litinin mun je awo, kilo 3.5. Na ɗaura a gaban nas ɗin, ta ɗan ƙara ɗaga shi sama ta ce haka ya yi. Ɗinkin ma lafiya.

Girki an raba kamar yadda Yaya mai ɗinki ta ce, Hajiya ce ta yanke, ba wadda ta musa. Faccalar tawa har yanzu ba ta cika kallona idan na fito da shi a gaba, amma jiya da zan shiga wanka ita ta miƙo hannu ta karɓe shi. Da la'asar kuma Hajiya takan ce in ɗaura mata shi a nata ƙirjin, ta zauna a kan tabarma a inuwar darbejiya tana jan carbi, tana leƙa fuskarsa. Majanyin yana cikin akwatina a ninke, ta ce in bar shi sai bayan babbar salla mu duba wuyan.

Maman biyu, tambaya ɗaya ta rage. Kafaɗata ta hagu tana ciwo da yamma, ƙyallen yana tattarewa ya hau wuyana. Shimfiɗa shi ake yi ya sauko har kan dantse, ko ninkawa ake yi?